Zagayen mashaya a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi kan yinin bin gidajen giyar ganga

Duk wanda ya zo Birtaniya karatu ko aiki, ko ba jima ko ba daɗe sai an gayyace shi mashaya. Wani lokaci ma gayyatar ta yini guda ce cur, daga wannan gida zuwa wancan. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwanmu sababbin zuwa suka fi yi. Ni ba na sha, kuma ba kiran kowa nake yi ya sha ba. Amma na fi son mutum ya san abu yadda yake, ya yanke shawararsa da ilimi, a kan ya ƙi shi ko ya faɗa cikinsa da ka.

Mene ne wannan zagayen da suke kira "pub crawl"?

Mutane ne, yawanci abokai ko abokan aiki, ke tsara jerin mashayu, su shiga ta farko su sha kofi ɗaya ko rabi, su tashi su taka zuwa ta gaba. Na yini guda yakan fara ne da tsakar rana, galibi ranar Asabar, ya kai dare. A ƙafa ake yi, ko a jirgin ƙasa, ko a bas. Ba a zuwa da mota, don babu mai iya tuƙa ta a ƙarshe.

To "real ale" fa? Ba duk giya giya ba ce?

A wajen hukunci da kuma abin da take yi wa jiki, eh, duk giya ce. A wajen yadda ake haɗa ta kuwa akwai bambanci babba, kuma kan wannan bambancin ne mutanen nan suke bin gari suna ɗanɗane.

Kayan haɗin huɗu ne: ruwa, tsiron sha'ir, yis, da furen wani tsiro mai ɗaci da ƙamshi da ake kira hops, wanda aka san yankin Kent da nomansa. Giyar zamani da aka fi sayarwa a duniya, bayan ta nuna sai a tace ta, sau da yawa a ɗumama ta don kashe duk wani abu mai rai a ciki, a rufe ta a tukunyar ƙarfe, sannan a tura ta zuwa kofi da ƙarfin iskar gas. Za ta iya yin makonni ba ta canza ba. Giyar ganga, wato "real ale", ba a yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana ɗura ta a ganga da sauran yis ɗinta da rai, ta bar masana'anta ba ta gama nuna ba, sai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashaya take ƙarasawa. Ɗan kumfar da ke cikinta daga aikin yis ɗin yake fitowa. Wanda ya san burukutu, yadda ake shanta tana kan aiki kuma ta yi tsami cikin 'yan kwanaki, zai gane abin nan da nan. Da zarar an buɗe ganga, kwana uku ne kusan iyakar kyawunta.

Kalolinta suna da yawa. Akwai "bitter" mai launin jan ƙarfe, wadda ita ce ta yau da kullum, ƙarfinta yakan tsaya tsakanin kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari. Akwai "mild" mai duhu da sauƙin ɗaci, da "porter" da "stout" baƙaƙe wuluk saboda an gasa sha'ir ɗinsu sosai. Garin Burton-upon-Trent ya yi suna ne saboda ruwan rijiyoyinsa mai sinadarin jifsam, har masu haɗa giya a wasu wurare sukan ƙara wa nasu ruwan gishirin don ya yi kama da shi.

Me ke faruwa a wannan ɗakin ƙasan?

A nan ne gwanintar mai mashaya take, kuma baƙo ba ya ganinta. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin galan 9, wato kofi 72 na awon fayint, kusan lita 41. Idan aka sauke ta daga mota, sai a kwantar da ita a kan wani dakali a bar ta ta natsu. Ɗakin yana da sanyi tsakanin digiri 11 zuwa 13, ba sanyin firji ba, shi ya sa baƙi daga Amurka ko Jamus suke cewa Ingilishi na shan giya da ɗumi. A saman gangar akwai toshi. Mai kula da ita zai huda shi ya cusa ɗan turken itace mai laushi wanda iska ke iya ratsawa, don gas ɗin da ya yi yawa ya fita a hankali. Idan ta lafa sai ya maye gurbinsa da turke mai tauri. Daga nan ya ɗauki gudumar katako ya buga kan famfo a gaban gangar da bugu ɗaya mai ƙarfi. Wanda ya yi sanyin hannu, giyar za ta feso masa a jiki. Sai ya tsiyayi kaɗan a kofi, ya ɗaga shi ga haske ya duba ko ta washe.

Washewar kanta da dabara. Bisa al'ada ana zuba wani ruwa da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, shi ke jan yis ɗin ya kwanta a ƙasan ganga. Saboda haka ne masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba suke tambaya kafin su saya.

A sama kuma, a kan kantar sayarwa, akwai dogayen hannuwan famfo. Ba wuta ke tura giyar ba, ƙarfin hannun mai sayarwa ne ke jawo ta daga ƙasa, ja uku ko huɗu kafin kofi ya cika. Wani injiniya, Joseph Bramah, shi ya yi wa wannan na'ura rajista a 1797. A arewacin Ingila sukan ɗaura wani ɗan murfi mai ƙananan ramuka a bakin famfon don kumfa ta yi kauri, mutanen kudu kuma suna ganin hakan na kashe ɗanɗano. Gardama ce da har yau ba ta ƙare ba.

Da gaske ne har ƙungiya aka kafa saboda wannan giyar?

Da gaske. A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida sun haɗiye ƙananan masana'antu da dama, suka mallaki yawancin mashayun ƙasar, suka koma tallata giyar tukunyar gas saboda ba ta lalacewa kuma ba ta buƙatar gwani. A 1971 wasu samari huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, suna hutu a Ayalan, suka kafa ƙungiyar da aka sani da CAMRA don kare giyar ganga. Ta yi shekaru da dama hedikwatarta tana St Albans. Ta fara babban bikin giya na ƙasa a Landan a 1977, tana fitar da kundin mashayu duk shekara, tana kuma zaɓen gwarzuwar mashaya. Yawancin masu yin zagayen ɗanɗano da kundin nan suke tsara hanyarsu.

Ko mutum bai yarda da abin da suke karewa ba, yadda talakawan masu saye suka haɗa kai suka tanƙwara manyan kamfanoni abin lura ne. Tsofaffin masana'antun iyali irin su Shepherd Neame ta Faversham, mai ƙirga tarihinta daga 1698, da Harvey's ta Lewes, da Timothy Taylor ta Keighley da aka kafa a 1858, suna nan suna aiki.

Duk zagayen iri ɗaya ne?

A'a, kuma wannan ne abin da ya kamata wanda aka gayyata ya fara tantancewa. Akwai na masu ɗanɗano: galibi manya ne, wasu da ɗan littafin da suke rubuta sunan kowace giya da suka gwada, suna sayen rabin kofi ko sulusinsa, suna tsayawa cin abinci, hirarsu kuma kan gini ne da tarihi da ƙwallo. Unguwar Kelham Island a Sheffield, inda Fat Cat da Kelham Island Tavern suke, ta yi suna da irin wannan.

Akwai kuma na masu neman buguwa kawai. Wanda aka fi sani shi ne Otley Run a Leeds, inda ɗalibai ke sa kayan ban dariya su bi mashaya goma sha wani abu daga Headingley zuwa tsakiyar gari. A Landan akwai masu bin sunayen titunan da ke kan allon wasan Monopoly, zango 26 a yini ɗaya, abin da babu jikin da zai ɗauka lafiya.

Wani lokaci na biyun yakan cinye na farkon. Hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa tsaunukan Pennine, daga Stalybridge ta bi Marsden da Slaithwaite da Huddersfield zuwa Dewsbury, tana da mashayu a cikin tashoshi ko dab da su, kuma masu ɗanɗano ne suka fara bin ta. Da ta yi suna sai gungun masu shagalin aure da na ranar haihuwa suka cika ta duk Asabar. Mazauna ƙauyukan suka yi ta kuka da hayaniya da fitsari a bakin ƙofofinsu, har aka riƙa ƙara 'yan sanda a tashoshin. Duk wanda ya ce maka zagaye al'ada ce mai tsafta kawai, bai tambayi mutanen Marsden ba.

Me ya sa suke damuwa da "mashayar gargajiya"?

Saboda a wajensu ba wurin sha ba ne kaɗai. A ƙauye da yawa ita ce wuri ɗaya tilo mai ɗumi da ake iya zama ba tare da gayyata ba. A can ake taron ƙungiyar ƙwallo, da gasar kacici-kacici, da zaman bayan jana'iza. Tsohon da matarsa ta rasu yakan je ya zauna da kofi ɗaya awa biyu don ya ji muryar mutane. Za ka ga murhun wuta, da rufi mai ƙasa-ƙasa da baƙaƙen azara, da allon jifan kibiya, da kare a kwance ƙarƙashin tebur.

Wasu gine-ginen kuma tarihi ne da kansu. Ye Olde Cheshire Cheese da ke gefen titin Fleet a Landan an sake gina ta a 1667 bayan babbar gobarar 1666. George Inn a Southwark, mai barandar katako tun zamanin keken doki, yanzu tana hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust. Ye Olde Trip to Jerusalem a Nottingham, wadda wasu ɗakunanta a cikin dutse aka sassaƙa su, ta rubuta 1189 a bangonta, ko da yake masana tarihi ba su amince da shekarar ba. Allunan hoto da ke rataye a ƙofa su ma tsoho ne: a 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya su rataya alama.

Yaya ake zama a ciki? Akwai ƙa'idoji?

Babu mai zuwa teburinka. Kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so ka biya nan take. Ba a yin layi a fili, amma mai sayarwa ya san wanda ya riga wani, kuma ɗaga kuɗi ko kira da ƙarfi rashin ɗa'a ne.

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce saye bi da bi. Idan ku biyar ne, ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in an shanye na biyu ya tashi, har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin nasa ya zo, ba za a faɗa masa ba amma ba za a manta ba. A ganina wannan ita ce al'adar da ta fi kowace jefa su cikin sha fiye da kima, don kowa yana bin saurin wanda ya fi kowa sauri. Ga wanda ba ya sha kuma ita ce tarkon farko, domin in ka karɓi lemon da aka saya maka, idan layi ya zo kanka giya ake sa ran ka saya wa mutane. Mafita ita ce tun farko ka ce kai za ka riƙa sayen naka. Ana fahimta.

Kusan ƙarfe 11 na dare a yawancin wurare za a kaɗa ƙararrawa a ce saye na ƙarshe. An hana shan taba a ciki tun 1 ga Yuli 2007 a Ingila.

Nawa mutum yake sha a irin wannan yinin?

Mu yi lissafi. Fayint ɗaya mililita 568 ne. A Birtaniya suna auna barasa da wani awo, kowane ɗaya mililita 10 na tsantsarta. Fayint na giya mai kashi 4 yana ɗauke da awo 2.3. Wanda ya bi mashaya takwas ya sha fayint ɗaya a kowace, ya sha awo 18 da ɗoriya. Shawarar manyan likitocin gwamnati tun 2016 ita ce kada namiji ko mace su wuce awo 14 a mako guda, kuma a rarraba shi a kwanaki. Ke nan a yini ɗaya ya wuce na mako. Ko da rabi-rabi ya riƙa sha, awo 9 ne, ya haura awo 8 da hukumomin lafiya ke ɗauka a matsayin shan wuce gona da iri ga namiji a zama ɗaya. Na mace awo 6 ne.

Hanta tana narkar da kusan awo ɗaya ne a awa. Shan gahawa ko wanka ko barci ba sa ƙara mata sauri. Don haka mai awo 18 a jiki zai iya wayar gari Lahadi ya shiga mota alhali bai halatta ya tuƙa ba.

Masoya giyar ganga sukan ce tasu ta halitta ce, ba ta da illa kamar sauran. Wannan ba gaskiya ba ne, barasar ɗaya ce. A 2022 mutum fiye da 10,000 ne suka mutu a Birtaniya da cututtukan da barasa ce kai tsaye ta jawo su, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin sha da za a ce ba shi da haɗari.

Me doka ta ce?

Sai mai shekara 18 zai sayi giya. Laifi ne a sayar wa wanda ya riga ya bugu, kuma laifi ne ka saya masa. Dole mashaya ta ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Iyakar tuƙi a Ingila miligiram 80 ne a mililita 100 na jini, a Sikotilan 50 tun 2014.

Baƙar fata zai iya shiga ba matsala?

A doka, eh. Amma ba haka aka faro ba. Har tsakiyar shekarun 1960 akwai mashayun da ke hana baƙaƙe da 'yan Asiya shiga, ko su ware musu ɗaki da kofuna daban. A Fabrairun 1965, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka, ya ziyarci garin Smethwick kusa da Birmingham, 'yan ƙungiyar ma'aikata Indiyawa suka kai shi wata mashaya ya ga wariyar da idonsa. A shekarar ce aka yi dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Yau a wannan yankin akwai mashayu da dama mallakar 'yan asalin Punjab, da ake zuwa musamman don gasasshen namansu. A manyan birane ba wanda zai kalle ka sau biyu. A ƙaramin ƙauye za a iya yin shiru na ɗan lokaci idan ka shigo, wanda sau da yawa duk baƙo ake yi wa.

Ni Musulmi ne, abokan aikina sun gayyace ni. Yaya zan yi?

Hukuncin shan a fili yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma hadisi ya zo da cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, don haka batun "ɗanɗanawa kawai" bai taso ba. Akwai kuma hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya. Game da shiga don wata larura ta aiki, wannan tambaya ce da za ka kai wa malamin da ya san halin zaman ƙasar.

Abin da zan iya faɗa daga zama da mutanen nan shi ne, tsoron da muke ji ya fi abin da ke faruwa girma. Ka ce "na gode, ba na sha" ba tare da dogon bayani ko wa'azi ba, yawancinsu za su bar maganar. Matasansu da yawa ma yanzu ba sa sha. Abin da ke ɓata zumunci shi ne ƙin gayyata kullum ba tare da kawo wata ba. Ka gayyace su cin abincin rana, ko shan shayi, ko buɗa baki da azumi. Idan kuma a wajen aiki ka ga duk muhimmiyar magana a mashaya ake yanke ta, kana da damar ɗaga batun, domin dokar daidaito ta 2010 ta kare addini a wurin aiki. Zagayen yini guda dai, ko a ma'aunin wanda ya sassauta, sha ne ginshiƙinsa daga farko har ƙarshe. Mai lemo a hannu, daga mashaya ta huɗu zuwa sama, aikin rakiyar bugaggu ne ya rage masa.

Giyar da aka rubuta ba barasa fa? Da abincin wurin?

Ka karanta lambar da ke jikin kwalba, kada ka tsaya ga sunan. Wasu suna ɗauke da 0.0, wasu kuma har kashi 0.5 cikin ɗari alhali an rubuta musu ba barasa.

Abinci ya fi buƙatar kula. Ɗan abin taunawa mai ƙaras-ƙaras da ake sayarwa a leda da suna "scratchings" fatar alade ce soyayyiya. Ƙwan da ake naɗewa da nama a soya, naman alade ne galibi. Fanken nama da ake kira "steak and ale" da giya ake dafa shi, kuma kifin da ake soyawa da ƙullu sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun. Ka tambaya, za su gaya maka.

An ce mashayun suna ta rufewa?

Haka ne. A shekarar 2000 sun haura 60,000, yanzu suna wajen 45,000. Giyar kanti ta fi araha, haya da kuɗin wuta sun hau, annobar korona ta ƙara dagula lamarin, masu gine-gine kuma suna son filayen. Mutane suna faɗa a kan haka: da aka rushe Carlton Tavern a Landan ba izini a 2015, ƙaramar hukuma ta tilasta a sake gina ta yadda take, aka buɗe ta a 2021.

Abokin zamana ya dawo daga zagaye a buge, ya faɗi. Me zan yi?

Wannan zai iya samun kowa da ke zaune a gidan haya ko ɗakin ɗalibai, kuma ba lokacin faɗa ba ne. Kada ka bar shi shi kaɗai, kada ka kwantar da shi rigingine, domin zai iya shaƙe amansa. Ka juya shi ta gefe, ka lanƙwasa gwiwarsa ta sama don kada ya mirgina, ka ɗan ɗaga haɓarsa, ka rufe shi da bargo. Kada ka ba shi gahawa, kada ka sa shi amai da gangan, kada ka watsa masa ruwan sanyi. Idan ba ya farkawa in an tashe shi, ko numfashinsa ya yi jinkiri ko yana yankewa, ko fatarsa ta yi sanyi leɓɓansa suka canza launi, ko ya fara farfaɗiya, ka kira 999 nan take ka nemi motar asibiti, ka faɗa musu abin da ya sha gwargwadon saninka, ka zauna kusa da shi har su iso.